Ƙwadago a gonar Baba

Salamu alaikum ƴan'uwa. Yau an yi mani tayin ƙwadago a cikin gonar da na gada.

Kun san shekara biyu ke nan ina gadi a wani poroje, wato aikin raya karkara, na bakin tabki. Da safe na je kamar kullum, sai shef ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce, "Malam Sani, kontararka ta cika jiya, kuma ba a sabunta ta ba."

Na ce, "Shef, ba ku kuka ce mani za a sake ba?" Ya ce shi ma haka ya zata. Na ce, ko sanarwa babu? Ya ce aikin wa'adi ranar cikarsa ita ce sanarwa, haƙƙina shi ne takardar shaidar aiki da kuɗin hutun da ban ci ba. Ya miƙo takarda, na miƙa makullai.

Ga inda abin ya yi ciwo. Saboda alkawarin nan, bana na ba maƙwabcina Iliya aron gonata ta hanyar Gabi. Kun san aron gona, in an zuba iri ba a karɓa sai an yi girbi.

Na biya ta can. Hatsi ya kai gwiwa, Iliya yana noma. Na gaya mashi an sallame ni daga aiki. Ya dogara da hauya, ya ce, "Yaya, wallahi kunya nake ji. Amma gobe ina neman mutum biyu na maimai, noma na biyu. In za ka iya zuwa, zan biya ka kamar kowa."

Na dubi tsamiyar da Baba ke shan fura a gindinta. Na ce, "Ƙarfe nawa ake farawa?"