Koren da ke Ramin Galamse

Mun tashi da asuba daga Ayigya Zango, ni da wata ɗaliba da ke haya a gidanmu. Yayana ne ya bugo waya daga ƙauyen da yake kiwon tarwaɗa, can hanyar Obuasi, ya ce kifinsa na mutuwa. Da kifin nan yake ci da iyalinsa. Ita kuwa ɗalibar ƙananan ciyayin ruwa take karanta, ɗakinta cike da kwalabe sai ka ce mai maganin gargajiya. Na ce ta zo mu gani ko karatun zai yi rana.

A tasha muka karya da koko da ƙosai, motar haya ta trotro ta kwashe mu kamar buhunan gawayi. Da muka soma ƙetare rafuka sai raina ya ɓaci. Ruwa duk ya yi ja ya yi kauri, aikin 'yan galamse masu haƙar zinariya. Sauran fasinjojin kuwa sun saba.

Mun tarar da Yaya ya rame. Abincin kifi ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya koma ɗebo musu wani kore mai yawo a kan ruwa, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. 'Ya'yan kainuwa yake ce musu. Ɗalibar ta ce ba 'ya'yanta ba ne, dangi ne dai, gidansu ɗaya da kainuwa da mankanin da muke miyar kontomire da ganyensa. Kakanninsu manyan tsirrai ne, zaman ruwa na dogon zamani ya sa suka yi ta ƙanƙancewa, har wasu suka rasa saiwa. Na ce ashe ciyawa ma tana da dangi talaka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da ke cikin ruwa shi suke zuƙa, mai kyau da mugu, sannan ta tambayi inda yake ɗebowa.

Ya kai mu tsofaffin ramukan galamse.

"Nan kawai yake fitowa," in ji shi. "Na ga kore, na ce dashen Allah ne."

"Baba, sai an gwada zan tabbatar ko akwai guba," ta ce. "Amma kada a sayar da kifin, kada a ci."

Ya juya ya dubi bayan gidansa, inda matarsa ke bandar kifi. Tun da kifin ya fara mutuwa, shi yaransa ke ci. Wallahi tsoro ya kama ni.

Da za mu tafi matar ta ɗaure min banda a leda, kunya ta hana ni ƙi. Mun iso Zango bayan la'asar, na dawo da sanin cewa ba kowane kore ne lafiya ba. Yarana suka rugo suna "Mma, ina tsaraba?" Na ɓoye ledar a mayafi, na ce ban samo komai ba.