Kamun Gajere Magini

Gajere magini ya yi shekara talatin yana jera bulo, ba a taɓa jin bangonsa ya tsage ba. Tef ɗin awo kuwa bai yarda da shi ba, wai kayan 'yan koyo ne. Da hannunsa yake awo: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu ɗaya ke nan. Takarda kuma sai dai ya ƙunshe ƙusa da ita.

Rannan amininsa, wani direban tanka dogo kamar falwaya, ya roƙe shi ya gina wa tsohuwarsa ɗaki kamu bakwai, yadda gadonta da kabad za su zauna a bango ɗaya. Suka yi musabaha, direba ya kama hanya. Da ya dawo, ɗaki ya yi kyau, gado ya shiga, kabad kuwa yana tsakar gida rana tana dukansa.

"Bakwai na ce maka!" in ji direba.

"Bakwai na yi, dogon banza. Zo ka ƙirga."

Da su biyu ne, da sun shirya. Amma ƙannen direba suka ce an raina yayansu, magina suka ce wa Gajere in ya rushe ya amsa laifi. Ba shaida, ba rubutu, kowa ya kafe. Sai ga sammaci.

Gajere ya kasa cin abinci. Ba kotun yake tsoro ba, a kira shi macuci ne ba zai iya ɗauka ba.

"Maigida," in ji matarsa, "da furfurarka za ka tsaya gaban alƙali a kan kabad?"

Alƙali ya saurare su, sannan ya ce su biyun su shimfiɗa hannuwansu a kan tebur, su daidaita gwiwar hannu. Yatsun Gajere a wuyan hannun direba suka ƙare. Kotu ta ɗauki dariya. Gajere ya daɗe yana kallon hannayen nan.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ashe shekara talatin ina matse dogaye, ba wanda ya gaya min."

Alƙali ya ce babu cuta a nan, su je su daidaita. Gajere ya rushe bangon da kansa, direba yana miƙo masa bulo, suna ta zagin juna.

Yanzu duk wanda ya kawo masa aiki, sai ya yanko sanda biyu daidai kamun mutumin, kowa ya riƙe ɗaya. Tef dai har yau ya ƙi saye.