Mati Mai-Tudu

Duk wanda ya bi hanyar rairayin nan da ta tashi daga Zango ta yi gabas a shekarun kuɗin mai, ya san Mati Mai-Tudu, in ma bai san shi ba ya san motarsa. Akwala ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda likitocin dabbobi suka gama cin moriyarta aka yi gwanjonta. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Amma inda sababbin motoci ke kafewa a yashi, nan take wucewa tana tari, ɗauke da buhunan gyaɗa da tumaki da masu su.

Aibinta ɗaya, ba ta tashi da kanta. Sitatarta ta mutu tun shekarar fari, bakin ƙarfen da ake juya injin da hannu kuma ya lashe. Sai Mati ya samo dabara. Akwai wani tudu a ƙofar gidansa a Tsamiyar Dabo, nan yake kwantar da ita kullum, hancinta na kallon gangare, da dutse a gaban taya. Da safe mutum biyu sun isa, a janye dutse, a ɗan dafa ta, ta gangara ta kama. Ko kasuwa ya je sai ya zagaya neman tudu kafin ya kashe ta. Daga nan sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani ba.

Matarsa Haulatu mace ce mai kawaici, irin wadda ko ƙaya ta taka sai ta gama gaisuwa kafin ta duba ƙafa. Shekararsu goma sha huɗu tare. Sau uku tana haihuwa a gida, sau uku ana fita da gawar jariri a tsumma. Da ta sami ciki na huɗu, Mati ya kai ta asibiti a Daura, ungozomar can ta ja shi gefe.

"Malam, wannan ba ta gida ba ce. Da ta ji ciwon farko ka ɗauko ta, kada ka jira komai."

Maganar nan ta zauna masa a rai. Ya duba ƙauyen, ya ga samari sun watse Kano da Ikko neman aikin gini, masu turi sai raguwa suke yi. In abin ya zo babu kowa fa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shiga Kano ya sayo sitata, ta hannu ce amma mai rai, aka gwada masa ita a kan batir tana zabura. Ya naɗe ta a buhu ya kawo gida kamar tsarabar Makka.

Don ɗaura ta, ya zaɓi ranar gayyar girbin dawa a gonar mai unguwa, can bayan fadama, don ranar babu fasinja, duk maza suna gona. A lissafinsu kuma da sauran mako uku kafin haihuwa.

Da hantsi Haulatu ta leƙo daga zaure ta gan shi zai shiga ƙarƙashin mota a kan tudu.

"Maigida, a gangaren nan za ka kwanta mata? In dutsen ya goce fa? Sauko da ita gindin darbejiya."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma bi. Ya sake ta ta gangara a hankali, ba tare da ya tayar da ita ba, ta tsaya a inuwa, a shimfiɗaɗɗen wuri mai laushin rairayi. Abin da bai sani ba, tun asuba bayanta ke sara. A gidan da ta tashi, mace ba ta buɗe baki ta gaya wa namiji naƙuda ta zo. Daurewa ake yi har sai abin ya kankama, sannan a aika wa tsohuwa. Ta ce a ranta bari ya gama, ai ba zai daɗe ba.

Ya cire wayar batir, ya shige ƙasa da sifana. Notin ƙasa ya fita da sauƙi. Na sama kuwa yana wani lungu da hannu ba ya shiga sai a karkace, ga tsatsar shekaru. Ya zuba masa kananzir, ya lallaba, ya zage shi, ya sake lallabawa. Haulatu na zaune bakin zaure riƙe da kwanon da yake jefa notuna a ciki. Yana ta ba ta labarin yadda za ta ga mota ta tashi da yatsa ɗaya, tana amsawa da "to".

Rana tana tsaka lokacin da tsohuwar sitata ta faɗo masa a ƙirji. Bai gama murna ba ya ji kwano ya faɗi. Ya leƙo, ya ga Haulatu durƙushe, zanenta jiƙe da jini.

Iya Laraba, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ita ta fara zuwa. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe?"

"Tun asuba, Iya."

Mati ya zabura ya koma gun mota. Ya mayar da wayar batir, ya ce a tura. Mata huɗu suka fito daga gidajensu, da Malam Sada makaho da sandarsa. Suka dafa, suka yi nishi, tayoyi suka ƙara nutsewa. Tudun na nan taku ashirin a bayansu. Da motar tana kansa, Iya ita kaɗai ta isa.

Aka tura mace ɗaya gona da gudu, amma gonar tafiya ce. Babu abin yi sai ya ƙarasa aikin. Ya sake cire waya, ya koma ƙasa, ya cusa sabuwar sitata har haƙoranta suka zauna. Garin sauri, notin sama ya suɓuce ya faɗa rairayi. Ya tona, ya tona, babu. Iya Laraba ce ta ɗauko rariyar tankaɗe, ta durƙusa tana tankaɗe ƙasar gindin mota tana salati, har noti ya tsaya a ciki. Ya ɗaure, ya haɗa wayoyi. Aka shimfiɗa Haulatu a baya, kanta a cinyar Iya.

Ya danna maɓalli sau ɗaya, mota ta tashi.

"Ka ga, ta tashi," in ji Haulatu, da muryar da da ƙyar ya ji.

Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Sun hango ganuwar Daura ke nan Iya ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Mati, sassauta." Bai tambaye ta dalili ba. Da ita da abin da ke cikinta, tare aka rufe su bayan la'asar.

Mutane suka yi ta ba shi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ya yarda, don shi mai imani ne. Amma bai daina lissafin taku ashirin ɗin nan ba, kuma bai taɓa ɗora mata laifin shirunta ba. Cewa yake shi ya kamata ya dubi fuskarta, ba ƙasan mota ba.

Bayan arba'in ya koma aiki. Ya mayar da mota kan tudu, da dutsenta a gaban taya. Kowace safiya sai ya tsaya jiran masu turi, ko da rana za ta yi. 'Yan ƙauyen ba su taɓa ce masa komai ba, sai su ajiye abin hannunsu su dafa.

Wata rana wani baƙon fasinja, malamin makaranta mai sauri, ya gaji da turi. Ya share gumi ya ce, "Haba direba, a zamanin nan? Ka gyara sitatar mana."

Mati ya dubi maɓallin, ƙura ta rufe shi.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ku dai tura."