Hancin Kawu Manzo da Man Gimbiya

Ku da kuka zauna a unguwar Gurda ta Sabha kun san Kawu Manzo, yayan mahaifiyata, ba ya sayen fetur sai ya shinshina. Zai ɗiga kaɗan a tafin hannu, ya hura, ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare, mu kuwa muna tsaye cikin rana muna jiran hukunci. Duk wannan wahala saboda Gimbiya ce, tsohuwar a-kori-kurarsa da ke fake a bakin gidan da muke haya, lulluɓe da bargo. Tun kafin in zo Sabha aikin gini ya yi wa Inna, mahaifiyar tawa, alkawari cewa a cikinta zai koma Damagaram, ya tsaya a ƙofar gidanta ya danna ham. Don haka yake tara man tafiya jarka-jarka, kuma sai wanda ya ci jarrabawar hancinsa.

Wata rana a unguwar Hajara muka tsaya wajen wani saurayi Balarabe mai sayar da mai a bakin titi. Yaron ya bugi ƙirji ya ce, "Mumtaz, ya Hajj! Lamba casa'in da biyar, wallahi!"

Kawu ya ɗiga, ya hura, ya lumshe ido. Can ya ce, "Gaskiyarka, yaro. Tamanin fetur ne, sha biyar ɗin kuwa kananzir ne na fitilar gidanku."

Da na fassara masa, yaron ya yi dariya har ya zauna a kan jarka, amma bai musa ba.

Ilu makanike, Bakanon nan na unguwar Abdulkafi, ya sha yi masa bayani. "Haba Kawu! Lambar nan fa ba ƙarfi ba ce. Juriya ce kawai, kada mai ya kama wuta kafin lokacinsa inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Babbar lamba ta sabbin motoci ce masu matsi sosai. Wannan tsohuwar taka ko ƙaramar lamba ta ishe ta."

Kawu ya shafa gemu, sai fuskarsa ta washe. "Ashe haƙuri ake aunawa! To Ilu, hamadar Ténéré zan ratsa. Ka taɓa ganin an ratsa Ténéré da abokin tafiya mai gaggawa?"

Ilu ya jefar da sifana ya ce shi ya sallama. Daga ranar nan duk man da bai yi masa ba, Kawu sai ya ce, "Wannan ba shi da haƙuri." Har shayin da aka sauke da wuri haka yake ce masa.

Abin da har yau idan na tuna raina ke ɓaci shi ne ranar da mota ta kawo mai gidan mai bayan dogon rashi. Kawu ya ce ba za a tayar da Gimbiya don bin layi ba, turawa za a yi. Wa ke turawa? Ni! Shi yana ciki riƙe da sitiyari, yana gaisawa da jama'a ta taga. Tun hantsi muke matsawa taku-taku, sai bayan la'asar muka kai bakin famfo. Ya sauko, ya karɓi bakin tiyo, ya kai hanci.

"Mu koma, Sani."

"Mu koma ina, Kawu?"

"Gida mana. Yana da kyau, amma ba na Gimbiya ba ne."

Wallahi na yi kwana biyu ban gaishe shi ba.

Amma da yamma, idan zafi ya sauka, nan ne ake yafe masa komai. Zai hau bayan motar ya jingina, mu zauna a ƙasa da kofunan shayi, ya ɗauke mu tafiya. Mu bar Sabha da sanyin safiya, mu sha ruwa a Gatrun. Mu ci dabino a Dirku. Gimbiya na tafiya a kan rairayi luf-luf, injinta ko tari babu. Daga Agadas ƙasa ta fara kore, a Tanut ya ce yana jin ƙanshin gero. Sai duwatsun Damagaram su bayyana, Inna ta fito da ludayi a hannu. A nan yake tsayawa kullum, idonsa a lumshe. Mu ma kowa ya lumshe nasa, don kowa ya isa ƙofar gidansu.

Sai dai jarkokin ba su taɓa cika ba. Ilu ya gaya masa fetur na lalacewa idan ya daɗe a ajiye, shi kuwa ya riƙe wannan gam. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, zafi ya hana yara barci, sai ya shinshina wata jarka ya ce, "Kash, haƙurinsa ya ƙare. Kai wa maƙwabta, su Maman Hadiza, su zuba a janareto." Rabin unguwar nan da man Damagaram ta sha fanka. Ni dai ban taɓa jin bambancin warin ba.

Ranar da ya rasu, bayan gajeriyar jinya, gari babu mai, muka rasa motar kai shi makwanci. Ilu ya yaye bargon Gimbiya. Jarka ɗaya ce ta rage a ɗakin, wadda Kawu bai taɓa samun aibinta ba. Muka juye, Ilu ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Muka shimfiɗe shi a baya, daidai inda yake jingina. Har muka isa maƙabarta ba ta ƙwanƙwasa ko sau ɗaya ba, Ilu yana tuƙi yana share hawaye. A hanyar dawowa na kira Inna, na kara wayar a jikin Gimbiya, na danna mata ham.

Allah ya jiƙan Kawu Manzo, ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya ɗakunan mutane. Allah ya sauke shi a gidan da ya fi wanda ya yi ta mafarki.