Ƙaryar da Koci Lamont Gaskins Ya Yi a Rediyo

Ranar Talata, tara ga watan Disamba, ana tsakiyar atisaye a Kwalejin Pinder, Koci Lamont Gaskins ya busa usur, ya ɗaga hannu zai yi wa wani gyara, sai ya dafa kujera ya sulale ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Sunana Odell Mabry. Tun gashina yana baƙi nake sharhin ƙwallon kwando na kwalejin nan a gidan rediyon garinmu, kuma yawancin shekarun nan kai ne a bakin fili, Lamont, hannu a ƙugu, kana hararar alƙalin wasa. Jaridu sun riga sun rubuta nasu. Wai ka tafi kana kan ganiyarka, bayan babbar nasarar rayuwarka. Su suka jiyo. Ni dai na san nasarar nan ce ta cinye mu, kuma kai ka riga kowa ganin haka.

Bari in fara da alherinka, kada haushi ya sa in manta. Da matata ta kwanta ciwon ajali, kai ne mai zuwa asibiti kullum in an tashi atisaye. Ba ka iya lallashi ba, sai ka ja kujera ka yi ta zagin alƙalan wasa har in yi dariya ban shirya ba. Ran da motar ƙungiya ta mace mana cikin ƙanƙara a hanyar Tennessee, kai ka tuɓe kwat ɗinka ka yafa wa direba. Ran Lahadi kuwa, in an taso coci, gidanka ba masaka tsinke. Matarka Verna ta soya kaji, ga ganye, ga burodin masara, ga samari dogaye kamar falwaya suna ta loma, kai kana kansu kana tambayar wanda ya faɗi jarrabawa.

A teburin nan na fara ganin Tavian Brumfield. Lodin kwalaye yake yi a wani sito lokacin da ka tsinto shi, don babu makarantar da ta kula shi. Dogo ne ƙwarai, amma ƙafafunsa kamar na aro. Ka koya masa tsayuwa, ka koya masa juyi, ka zaunar da shi a ɗakin karatu da faɗa da tsawa. Bai tashi da uba ba. Verna "ɗana" take ce masa, kai kuma ba ka taɓa faɗa da baki ba, amma makaho ma ya gani.

Kowa ya san yadda farkon kakar wasa yake. Manyan jami'o'i su gayyaci irinmu, mu sha doguwar tafiya a mota, mu je a lallasa mu a gaban mutanensu su ji daɗi, mu dawo. Haka muka tafi wata babbar jami'a ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka. Ɗalibansu suna ta ihu suna tambayarmu ina ne ma Pinder ɗin. Aka tashi muna da maki saba'in da ɗaya, suna da sittin da takwas.

Mutane sun maƙale wa jifan ƙarshe, amma ba shi ya ci wasan ba. A jifan nesa ba mu taɓuka komai ba, kuma kafin hutun rabin lokaci mun yi ta miƙa musu ƙwallo a hannu kamar masu rabon sadaka. A ƙarƙashin kwando aka ci wasan. Duk ƙwallon da ta daki bakin kwando ta dawo, a hannun Tavian take sauka. Dogonsu da ake ta kururutawa sai da ya gaji ya koma yi masa ƙeta, har alƙali ya kore shi benci. Sun raina mu, ba su ko kalli bidiyon wasanninmu ba, suka tura wa Tavian mutum ɗaya ya tsare shi. Ko da suka farga suka ƙara na biyu, aikin gama ya gama. Duk wanda ya san ƙwallo ya ga haka, kuma a talabijin aka nuna wasan.

Ran Litinin muka zauna shirinmu na rediyo na mako-mako a gidan gasasshen nama na Lucille, kai tsaye. Ban taɓa ganin wurin ya cika haka ba. Mutanen da a bara suke bugo waya suna cewa a kore ka, su ne a gaba-gaba da hular ƙungiya sabuwa fil. Na ce, "To Koci, me za ka ce game da Tavian?"

Ka kurɓi shayinka mai ƙanƙara, ka ce, "Tavian? Sa'a ya taka. Ƙafarsa nauyi gare ta, hannun hagu kuwa babu shi. Sau nawa aka wuce shi kamar an wuce turke? In da a babbar makaranta yake, benci zai yi ta ɗumamawa."

Lucille ta tsaya da faranti a hannu. Da aka tafi talla na cire abin kunnena na ce, "Kai Lamont, wani abu ka sha ne? Yaron da ya ɗauke mu a ka?"

Ka ce, "Rufe min baki, tsoho. Ka ɗauka Lucille kaɗai ke sauraron surutunka? Tun jiya manyan jami'o'i suke shinshinar yaron nan. Ban taɓa horar da kamarsa ba, ba kuma zan sake ba. In na yabe shi yau, kafin Kirsimeti sun ɗauke shi, su yi amfani da shi, gwiwa ta lalace su watsar. Bari su zaci dace ne. Gobe in an tashi atisaye zan ja shi gefe in yi masa bayani."

Tsohuwar dabarar kocin ƙananan makarantu ce, ka kushe naka don kada a gani a so. Ta yi aiki a zamanin da sai mutum ya tako ƙafa ya zo kafin ya ga ɗan wasa. Kai kuwa ka yi ta bayan duk ƙasar ta gama kallon yaron da idonta. Goben ta zo, Tavian ya shigo atisaye bai ko kalle ka ba, kai kuma ka ce sai an tashi. Ba a tashi da kai ba.

Doka ta ce in koci ya bar ƙungiya, 'yan wasansa suna da damar sauya makaranta. Ashe mutuwa ma barin ƙungiya ce. Ran jana'izarka sai ga su, Lamont, masu baƙaƙen kwat daga manyan jami'o'i, mutanen da kana raye ba sa amsa wayarka. Suka rungumi Verna, suka ce an yi babban rashi, suka ci abincin da matan coci suka kwana biyu suna dafawa. Wallahi na ga ɗayansu ya share hawaye. Ba a gama kwashe farantai ba na hango shi a wurin ajiye motoci, hannunsa a kafaɗar Tavian, yana ce masa su a wurinsu sun san darajar ɗan wasa. Ko ƙasar kabarinka ba ta kwanta ba. Tir da wannan hali.

Da ya tafi na dogara sandata na isa wurin yaron. Na kwashe duk abin da ka faɗa min lokacin talla na gaya masa, ban rage ko kalma ba. Ya saurara, kansa a ƙasa, kwat ɗin da Verna ta saya masa ya ɗage masa a hannu.

Ya ce, "Na yarda da kai, Baba Odell. Ba ka taɓa yi min ƙarya ba."

Na ce, "To ka zauna mana, ɗana. Ka ƙarasa abin da kuka fara."

Ya ce, "Kushen da ya yi min, duk gari ya ji. Mahaifiyata a wurin aiki ta ji, ta tara abokan aikinta su saurari yadda za a yabi ɗanta. Yabon kuma kai kaɗai ka ji shi."

Da Tavian ya gama jarrabawa ya kwashe kayansa, biyu daga cikin abokansa suka bi bayansa. Ya biya ya yi wa Verna sallama, amma bai je maƙabarta ba. Masu kwat ɗin da ka yi wa ƙaryar ko ɗaya bai gaskata ka ba, Lamont. Tavian kaɗai ya gaskata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar'uwa Verna, da 'ya'yanku mata, Renita da Corliss, da jikoki, da samarin da suka rage suna sa rigar Pinder, da duk wanda ya taɓa cin abinci a teburinka. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Kai kuma abokina, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin da ka yi wa 'ya'yan mutane. Allah ya tsare gwiwar Tavian a inda ya tafi. Ya kuma yafe maka ƙaryar ran Litinin, don yaron bai yafe ba tukuna.