Shekarar da Layinmu Ya Cika da Teloli

Shekarar da aka hana okada hawa manyan tituna, mijina ya koyi zaman gida, ni kuma na fara ganinsa da rana. Sai a lokacin na lura ashe dogo ne, don a zaune a kan babur na saba ganinsa. Babur ɗin ma bai samu ya sayar ba. An kama shi a hanyar Oshodi, aka jefa a bayan babbar mota tare da wasu babura, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ni a Agege aka haife ni, a nan nake sayar da tuwo, daidai gindin bishiyar da 'yan okada ke tsayawa. Da suka daina samu, tukunyata ma ta rage ciki, amma ba wanda ya zo yi mata jaje. Shi kuwa maigidan mutumin ƙauye ne daga Arewa, gonar mahaifinsa tana can tana jiransa. Wata rana yana wanke hannu ya ce, "Maman yara, in aka yi Sallah ban samu abin yi ba, gida zan tafi. Damina ba ta jiran kowa."

Tsohuwata tana kwance ba lafiya, yara suna makaranta, ni ko fartanya ban taɓa riƙewa ba. Ya san ba zan iya binsa ba. Ni kuma ba na so ya tafi, ko kaɗan ba na so.

Ana cikin haka gwamnati ta tuna da 'yan okada. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, wani babban mutum ya riƙe lasifika ya ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Aka koya musu ɗinki na 'yan kwanaki, aka ba kowa keken ɗinki, aka ɗauke shi hoto yana rungume da shi. Kowa fa. Har mai facin taya sai da ya samu. Telanmu na asali, wanda ya tsufa yana yi mana ɗinki, ya leƙo ya ga layi ya cika da abokan sana'a, ya koma ciki ya ja labule.

Suka jera kekunan a gindin bishiyar nan, kowa a inda ya saba ajiye babur. Dokar okada suka ci gaba da bi: wanda ke gaba a layi shi ke ɗaukar wanda ya zo, in ya gama ya koma baya. Da sun hango mutum da leda a hannu sai su miƙe, "Oga, ina za ka?" Mijina kuwa taka keken yake kamar fasinja ya makara, allura na karyewa yana sa wata. Mutanen unguwa ba su ƙaru ba, rigunansu ma ba su ƙara yagewa ba. Layin bai taɓa motsawa sosai ba, sai dai su yi wa juna facin wando.

Sallah ta matso, hankalina ya tashi. Na buɗe akwati na ciro wata atamfa ta kayan lefena da ban taɓa sa mata almakashi ba. Na kai wa maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai sayar da kifi, mace mai jiki masha Allah. Na roƙe ta ta kai masa a matsayin tata, ta kuma jira sai ranar da layi ya zo kansa. A tunanina in ya yi kwastoma ɗaya, zuciyarsa za ta zauna.

Ina kwasar tuwo ina satar kallo ta iso, ta gaishe shi da yarensu.

"Ekushe o, Malam. Rigar buba nake so, mai kyau fa."

Ya karɓi atamfar, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa mata tef ta auna kanta, idonsa a ƙasa. Da yamma ya ce min, "Yau na yi kwastoma." Na ce Alhamdulillahi, Allah ya ƙaro wasu. Kwanakin da suka biyo baya a hankali yake taka keken, allura ko ɗaya bai karya ba. Na fara samun barci.

Bayan Sallah ya shigo da leda ya ajiye a gabana.

"Ki ba maƙwabciyarki haƙuri," ya ce. "Ba za ta shige ta ba."

Na ɗaga rigar. Ko hannun matar ba zai shiga ba, balle ita. Daidai jikina ya yanka ta, kafaɗa da ƙugu, kuma bai taɓa auna ni ba. Hannun dama ya ɗan fi na hagu tsawo.

"Ni na zaɓo atamfar nan da kaina kafin aurenmu," ya ce. "Kin ɗauka zan manta? Kwastoma ɗaya na yi, ita ma a ɗakina take. Ki haɗa min jakata."

Washegari na raka shi abbatuwa, mayankar dabbobi, inda tirelolin da suka sauke shanu ke komawa Arewa. Rigar na sa. Da ya hau ya zauna ya dube ni daga sama, ya ce hannun yana buƙatar gyara, in kai wa tsohon telanmu. Na ce to. Ban yi kuka ba sai da na dawo na tarar abokansa sun matsa sun cike gurbinsa a layi.

Yana aiko mana da gero da wake bayan girbi, yana kira a waya. Keken yana nan a ɗaki, a kansa nake kife kwanuka. Rigar kuwa ban kai wa kowa ba. In zan tuƙa tuwo sai in naɗe hannun daman.