Sun Wanke Motocin Sallau

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, babu mai yin saura. A ranar Laraba, 11 ga watan Yuni, 2025, naman layya bai ƙare a gidaje ba, Malam Sallau mai fenti na Malbaza ya amsa kira, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana. Ina zaune a tasha da 'yan'uwana tsofaffin direbobi aka zo aka faɗa mini. Bayan la'asar muka yi masa sallah, muka kai shi makwancinsa.

Sallau, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda ta dace da mutanen kirki, amma raina a ɓace yake, kuma ka san ni, Tanimun bai iya haɗiye magana ba. Mutuwarka hukuncin Allah ce, na karɓa. Abin da aka yi wa aikinka bayan ka juya baya shi ne ya tsaya mini a wuya. Ƙananan motocin nan da ka ƙarar da idonka a kansu, an wanke fiye da rabinsu da omo, an shafe su da sabon fenti. Sauran suna nan a ɗakinka, kuma an ce ranar kasuwa mai zuwa za a sayo wani fentin a gama da su. A cikinsu har da motar marigayi Zaidu, wadda ka yi wa matarsa alkawari. Shi ya sa na zauna rubutu tun hawaye bai bushe ba.

Bari in gaya wa wanda bai san ka ba ko kai wane ne. Sana'arka fentin manyan motoci ce, a wani gareji da ke bakin hanyar Konni. Duk motar siminti da ka ga an rubuta mata addu'a a goshi da hannu mai kyau, da wuya in ba kai ba ne. In ka tashi daga aiki kuma, sai ka zauna a ƙofar ɗaki kana ƙera ƙanana, tsawon kamu guda, da gwangwanin madara da waya da kwali, tayoyin kuma da tsohon silifa. Mutane sun yi maka dariya ba kaɗan ba, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Ba ka taɓa tanka musu ba. Ni ne nake tanka musu a madadinka, har ka kan ja mini hannun riga ka ce in zauna.

Ƙera mota ba shi ne abin mamakinka ba, yaran unguwa ma suna yin ta kara. Tsufar da ita shi ne naka kai kaɗai. Na tuna shekarar da wani direba mai zuwa bakin teku ya kawo maka tsarabar kwali, cike da 'yan gutsattsarin roba da ake haɗawa su zama mota. Ka haɗa ta tsaf, ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Muna ta yabo, kai kuwa ka jujjuya ta a hannu fuska a murtuke, ka ce, "Wagga mota ba ta san hanya ba. Ba ta taɓa ɗaukar kaya ba, ba ta taɓa kwana cikin laka ba. Mi za ni yi da ita?" Ka shiga da ita ɗaki. Da ta sake fitowa bayan wani lokaci, mai tsarabar da kansa ya sa yatsa ya shafa tankin, don ya zaci man gazuwal ne na gaske ya zuba.

Na sha zama kusa da kai ina kallo, don haka na san wahalar da ke ciki. Sai ka fara shafa launin tsatsa a jikin motar gaba ɗaya. In ya bushe ka ɗan jiƙa wurin, ka barbaɗa gishiri, sannan ka bi da fentin da motar take da shi a zahiri. Bayan ya sha iska ka kankare gishirin, sai ga fenti ya ɓaɓɓare nan da can, tsatsa tana leƙowa daga ƙarƙashi, daidai yadda rana da ruwa suke yi wa ƙarfe. Tsatsar kanta ba ta kanti ba ce, tsofaffin ƙusoshi kake jiƙawa a ruwan tsamiya har ruwan ya yi ja. Baƙin fenti kuwa sai ka tsinka shi da kananzir ya zama ruwa-ruwa, ka ɗiga shi ya bi lungu-lungu da kansa, ya kwanta inda dauɗa take kwanciya. Buroshinka na gashin jelar jaki ne, kana tsoma shi a fenti kana goge shi a tsumma har ya kusa bushewa kafin ya taɓa motar. Na taɓa ce maka wannan ai ɓarnar fenti ce, ka ce mini in je in koya wa aparanti, yaron mota, ɗaure tampol, in bar maka naka.

Ƙasa ma ba kowace kake sawa ba. Kana da gwangwanaye a jere: jar ƙasar hanyar Illela daban, baƙar lakar fadamar Badaguishiri daban, farar ƙurar siminti ta nan gida daban. Kowace mota da hanyar da ta saba bi, kuma ita za ka sa mata, ka kama ta da ruwan ƙaro don kada ta zube. A gilashin gaba ka kan bar wuri fes inda abin share ruwa yake bi, ƙura ta kewaye shi. A matakalar ƙofa ka goga bakin fensir, ta yi sheƙi irin na ƙarfen da ƙafa ta daɗe tana takawa. Mutum ne kawai ba ka taɓa sawa a ciki ba. Ka ce mai rai ba aikinka ba ne, kuma duk wanda ya san motar zai ga mai ita a zaune.

Tawa motar, 'Yar Bazaga, wadda na yi shekaru ina ci da iyalina da ita, ka yi mini ita bayan na sayar na ajiye tuƙi. Har da lotsawar da ke gefen hagu, inda na ture wani bijimi a Badaguishiri, abin da ya sa na yini a hannun jandarma. Na roƙe ka ka cire wannan, don ba abin tunawa ba ne. Ka ƙi. Ka ce, "In na hid da shi, motar wani ce. Tahi ka ba wani." Na yi fushi na kwana biyu, sannan na ɗauke ta na ɗora a kan kabad. Duk baƙon da ya shigo, wannan lotsawar nake fara nuna masa. Kwanakin baya ta faɗo madubinta ya karye, na mayar maka ka gyara. Ashe na kai ta wanka ne ban sani ba.

Ga yadda abin ya faru, don kada a ce na ƙara gishiri. Ƙanenka Muttaƙa ya zo daga Konni zaman makoki. Washegarin sadakar uku aka buɗe ɗakinka don a ga abin da ka bari, a shirya shi kafin rabon gado. Al'adarmu ce, kowa ya sani: kayan mamaci a wanke su, a kakkaɓe, a fito da su da mutunci, kada masu rabo su zo su tarar da ƙazanta su ce iyalinsa ba su kula da shi ba. Tufafinka an wanke, madalla. Tabarmarka an kakkaɓe, madalla. Sai idon Muttaƙa ya kai kan motocin, ya ga tsatsa, ya ga ƙura, ya ga baƙin mai yana bin tanki. Kunya ta kama shi. A ganinsa ciwo ne ya hana ka kula da su har suka lalace. Ya sa aka kawo baho da omo da soson buhu. Ƙaro kuwa ba ya jure ruwa. Aikin shekaru ya narke ya bi rariya. Inda tsatsar ta ƙi fita, ya ɗauko ragowar fentin ƙofa, shuɗi mai ƙyalli, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har tayoyi.

Na shigo gidan na tarar da su a jere a rana suna bushewa. Duka iri ɗaya, shuɗaye, kamar bokitan da aka kasa a kasuwa. Na nemi 'Yar Bazaga, sai da na bi su da yatsa kafin na gane ta, don har lotsawar an sa guduma an bubbuge ta ta miƙe. Muttaƙa ya taso yana murmushi, hannunsa duk fenti, ya ce, "Baba Tanimun, ka ga yadda sunka yi kyau? Sun koma sabbi hul. Hwenti ne yaƙ ƙare, da na gama da sauran." Na ce, "Muttaƙa, wa yas sa ka?" Ya ce, "Haba Baba, a bar mutane su ga dauɗa su ce yayana ƙazami ne?" Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zan rubuta shi a ta'aziyya ba. Mutanen zaure sun ji, kuma ban janye ko kalma guda ba.

Na san ba mugunta ba ce, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Da maƙiyi ne da na san yadda zan yi da shi. Amma a ce mutum ya yi shekara da shekaru a cikin danginsa yana abu guda kullum a ƙofar ɗaki, kuma a rasa wanda ya taɓa tsugunawa ya tambaye shi me yake yi! Ku danginsa, kun ci tuwo da shi, kun karɓi zumuncinsa, ya yi muku fentin ƙofofi da amalanke bai taɓa cewa ku biya ba. Ashe duk tsawon lokacin nan kallon mai wasan yara kuke yi masa. Ɗakin yana nan, matarsa tana nan, mu abokansa muna zaure. Tambaya guda ta isa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ƙi tambaya shi ya kashe wa kansa fitila.

Yanzu ga maganar motar Zaidu. Zaidu abokin tuƙinmu ne, ya rasu a hanya shekarun baya, motar ta ƙone ƙurmus, ko hotonta babu. Matarsa Balaraba ta zo wurinka bara, ta ce 'ya'yanta sun girma ba su san abin da ubansu ya tuƙa ba. Ka ce ta ba ka lokaci. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wane gefe ne fentin ya fi koɗewa, ina ya ɗaure butarsa, wace fitila ce ya liƙe da salatif. Da ciwo ya ci ƙarfinka, hannunka yana rawa, ka ce mini kana jiran ranar da zai tsaya ka sa mata ƙurar ƙarshe. Ba ka samu ranar ba. Motar tana can saman kantar ɗakinka, inda hannun Muttaƙa bai kai ba kafin fenti ya ƙare. Masu tuna motar Zaidu ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, mai iya fito da ita kuwa ya tafi. In aka shafe wannan, an shafe ke nan.

Matarka Tsahara tana takaba, ba ta iya fitowa ta yi jayayya da maza a tsakar gida. Amma ta ji duk abin da ya faru. Jiya ta kira ni bakin ƙofarta, ta miƙo mini mabuɗin ɗakinka ta bayan labule. Ta ce, "Malam Tanimun, riƙe wanga. Ni na daka mashi ƙaron nan da hannuna, na san abin da sunka wanke." Na karɓa na sa a aljihu.

To, ku ji ni, dangin Sallau. Ba na neman ko taya guda a gadonku. Ranar da liman zai zo rabo, zan buɗe ɗakin da hannuna, a raba kamar yadda Allah Ya ce. Amma a raba su yadda ya bar su, da tsatsarsu da ƙurarsu, a kuma fitar da ta Zaidu a kai wa Balaraba, don alkawarin mamaci ne kuma ni shaida ne. Kafin ranar, mabuɗin yana aljihuna. Wanda ya ga na yi shisshigi ya kai ni ƙara wurin mai gari, zan je da ƙafata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tsahara da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Ina yi wa direbobin Malbaza da Konni da Illela ta'aziyya, mun yi rashin wanda ya san motocinmu fiye da mu. Kai ma Muttaƙa ina yi maka, ɗan'uwanka ne ka rasa, kuma na ga kukan da ka yi a maƙabarta. Allah Ya sanyaya zuciyarka. Kuɗin fentin nan ka yi masa sadaka da su.

Sallau, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. 'Yar Bazaga na kawo ta gida, shuɗiya, na sa ta a cikin akwati don ba na iya kallonta. Ta Zaidu kuwa, in dai ina numfashi, ruwa ba zai taɓa ta ba. Ka huta, abokina.